Yadda Muka Kai Baba Shamus Wajen Wansa

Talata: tashi daga Greensboro

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba na tayar da mota a ƙofar gidanmu da ke unguwar Glenwood, wata Talata cikin watan Mayun 1981. Ina idar da salla na fito, amma na tarar Baba Shamus ya riga ni. Yana zaune a baranda cikin baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, hularsa a kan gwiwa. Na ce masa dubiya fa za mu, ba gaisuwar mutuwa ba. Ya ce kwat ɗaya gare shi.

Baba Shamus shi ne mai gidan da nake haya lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin noma. Bature ne mutumin Ireland, shekararsa saba'in da takwas, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya gaji ya ajiye, bai taɓa aure ba. Ni na liƙa masa Baba, domin bakina ya kasa kiran mai furfura da sunansa gatsal. Ya ce shi bai haifi kowa ba, amma ya ci gaba da amsawa.

Wasiƙa ce ta tayar da tafiyar. 'Yar wansa, Nora, ta rubuto daga Philadelphia cewa mahaifinta Liam yana kwance a asibiti, kuma likitoci sun ce a kira 'yan'uwa. Baba Shamus da wan nasa uwa ɗaya uba ɗaya suke, rabonsu da magana kuwa shekara hamsin da tara. Wasiƙar ta yi kwana huɗu a ƙarƙashin kwalbar sukari, ni ma na yi kwana huɗu ina masa naci, har ya ce zai je, amma don ya ga 'yar kawai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kada tsohon can ya cika ba su gana ba.

Ga abin da ya raba su, yadda na ji shi a teburin kicin ba sau ɗaya ba. Ireland tsibiri ne a gefen Ingila, Ingilishi suka daɗe suna mulkinsa. Mutanen suka yi yaƙin neman 'yanci, a ƙarshe aka kawo musu yarjejeniya: gunduma ashirin da shida su yi mulkin kansu, shida na arewa su zauna a hannun Ingila. Wasu suka ce a karɓi wannan, sauran ya biyo baya. Wasu suka ce ko duka ko babu. Daga nan suka juya bindigogi kan juna. Liam ya sa kakin waɗanda suka karɓa, Shamus ya shiga daji da waɗanda suka ƙi. Layin iyakar kuma ya ratsa ta tsakiyar gonar ubansu, gida a kudu, rijiya da makiyaya a arewa. Bayan duk wannan faɗa kan wa ke da ƙasar, su biyun Amurka suka ƙare, kowa da garinsa.

Ƙarfe biyar da rabi muka tsaya a High Point Road don ɗaukar Isufu, wanda zai taya ni tuƙi. Isufu mutumin Maraɗi ne, ni na Jibiya. Tsakanin garuruwanmu tafiyar awa guda ce in kwastan ba su riƙe ka ba, amma shi da Faransanci ya yi boko, ni da Ingilishi, kuma sai a Amurka muka san juna. Matarsa Maimuna ta fito mana da fulas na shayi, dafaffen ƙwai da dambun nama. Na bar mata lambar Nora, na ce zan ba Nora tata, tunda gidanmu ba kowa. Za mu shiga mota na ce, "To Maimuna, a yafe mu." Ta ce, "Ba ku yi mini komai ba, na yafe. Ni ma ku yafe ni." Muka ce mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Muna hawa babbar hanya Baba Shamus ya tambayi abin da muka yi ta maimaitawa. Na ce al'adarmu ce, matafiyi yakan nemi yafiyar wanda zai bari, domin ba a san ko za a sake haɗuwa ba.

"Me ka yi mata?"

"Ban sani ba."

"Ita me ta yi maka?"

"Babu, a iya sanina."

"Wato kun yafe wa juna ba a tantance mai gaskiya ba."

Na ce haka ake yi. Ya ce shi ya sa Ingilishi suka ji daɗin mulkinmu.

Iyakar Virginia

Mun wuce Durham ƙarfe bakwai saura kwata, muka iso iyakar jihar Virginia ƙarfe takwas saura biyar, bayan mil ɗari da goma. Tun kafin mu kai allon iyakar, Isufu ya fito da fasfo, katin makaranta, lasin da takardar rigakafi ya jera su a cinya. Na ce masa ba kowa a nan. Ya ce, "Bon, shi ke nan, amma ban yarda da iyakar da ba jandarma ba." Muka wuce allon da ke mana maraba, ba wanda ya ɗago kai.

Baba Shamus ya ce a garinsu, bayan an ja layi, sai da aka kafa rumfar kwastan a kan hanyar da uwarsu ke bi ta kai ƙwai kasuwa. Na ce tawa uwar ma in za ta gaida mahaifiyarta a ƙetaren iyaka, sai an kwance mata ƙullin daddawa an shinshina. Ya tambaya wa ya ja namu layin. Na ce Ingilishi da Faransawa. Ya ce, "Kuka yi me?" Isufu ya ce mun koyi hanyar bayan gari.

Mun sha mai a wani ƙauye kafin Petersburg, galan goma sha biyu a kan dala ɗaya da santi talatin kowanne. Daga Petersburg zuwa Richmond kuma sai jefa santi ashirin da biyar muke a kwandon masu karɓar kuɗin hanya. Isufu ya ce yanzu ya ji ya shigo ƙasa.

Richmond

Ƙarfe goma da kwata muka tsaya a Richmond, mil ɗari biyu daga gida, muka shiga wani ɗan gidan abinci. Mu muka sha shayi da burodi, shi ya ci ƙwai da dankali. A nan na yi ɓarnar da ta kusa rusa tafiyar.

Baba Shamus ya nuna waje da cokali ya ce nan ne hedikwatar mutanen kudancin Amurka da suka ce za su ɓalle, aka yaƙe su. Sai ya juyo kaina.

"A ƙasarku ma na ji wasu sun ce za su ware. Me kuka yi?"

"Mun yaƙe su."

"Wa ya zana ƙasar?"

"Ingilishi."

"To ku kun mutu kuna gadin zanen Ingilishi, mu mun mutu muna neman goge shi."

Maganar ta sosa ni, domin ɗan ƙanen mahaifina a wancan yaƙin ya tafi bai dawo ba. Da na yi shiru da an zauna lafiya. Amma na ce, "Baba, kai ka koya mini cewa kowace al'umma ita za ta zaɓar wa kanta. To mutanen arewar nan naku da yawansu sun ce Ingila suke so. Su fa?" Ya ce ai da gangan aka yanka layin don su fito da rinjaye, a tambayi tsibirin gaba ɗaya mana. Na ce Ingilishi ma za su iya cewa a tambayi tsibiran biyu gaba ɗaya. Isufu yana tauna burodi ya ce, "Mu dai ba wanda ya tambaye mu komi, shi ya sa muke zamne lahiya."

Baba Shamus ya ajiye cokali, ya goge baki, ya sa hula. Ya ce, "Irin maganar Liam ke nan. Na ji ta a nan, ba sai na je Philadelphia ba. Juya motar."

Ya fita ya zauna a kujerar baya ya rufe ƙofa. Na sha jinin jikina, don na san tsohon, in ya kafe ba ya motsi. Na ce masa bari in buga wa Nora waya in gaya mata mun fasa.

A rumfar waya na tuna Kawu Sale, wanda duk rigimar gado da ta iyakar gona a unguwarmu gabansa ake kai ta. Hanyarsa ɗaya ce. Zai je wajen wannan ya ce ɗan'uwanka ya yi nadama, kunya ce ta hana shi zuwa. Ya koma wajen wancan ya faɗi haka. In suka haɗu kowa ya zo da sanyin jiki, kafin a gano abin da ya faru an riga an ci tuwo tare. A wurinmu ba a kiran wannan ƙarya, gyara ake ce masa.

Nora ta ɗauka. Na ce muna hanya, na ba ta lambar Maimuna, na tambayi ko mahaifinta ya san da zuwanmu. Ta ce ya sani, abin da ya ce kawai shi ne ƙofar ɗakin ba ta da makulli. Na dawo mota na leƙa ta taga.

"Baba, ta ce tun jiya yake kiran sunanka. Ya ce shi ne bai kyauta ba, yana son ya roƙe ka gafara da bakinsa."

Ya daɗe yana kallona. "Liam ne ya faɗi haka?"

"Haka ta ce."

Ya gyara zama ya ce, "Ya ɗauki lokaci. Mu je."

Isufu ya karɓi tuƙi. Da Hausa ya ce mini, "Mi ka ce mishi?" Na gaya masa. Ya ce, "Dakor, ya yi. Sauran rabin aikin yana can."

Washington, Baltimore, Delaware

Mun ratsa gefen Washington ƙarfe ɗaya da rabi cikin cunkoso, muka yi salla a wani wurin hutawar matafiya, mutane na kallonmu suna cin abincinsu. A Baltimore hanya ta bi da mu ta ƙarƙashin ruwa. Baba Shamus kuwa ya sake sosai. Ya ɗanɗana dambun nama ya ce kamar an daka igiya, sannan ya cinye rabin ledar. Yana ta shirya abin da zai ce in Liam ya gama ba da haƙuri. Ya ce ba zai wulaƙanta shi ba, zai dai tuna masa abu uku.

Ƙarfe biyar saura kwata muka sauka a wani ƙaramin masauki a jihar Delaware, ɗaki dala ashirin da biyu, muka kama biyu. Saura mil arba'in, amma ya ce ba zai je gaban wansa da gemun kwana ɗaya ba. A talabijin ɗin wurin karɓar baƙi ana nuna labarin fursunonin arewacin Ireland da ke yajin cin abinci. Ya tsaya ya kalla, hula a hannu, har aka koma tallar sabulu.

Laraba: Philadelphia

Mun tashi ƙarfe takwas da rabi, muka isa asibitin goma saura ashirin. Nora ta tare mu a ƙofa, mace mai kimanin shekara hamsin, ba ta taɓa ganin ƙanen ubanta ba. Ta dube shi ta ce hancinsa da na ubanta ɗaya. Na ce a al'adarmu ɗan rakiya ke fara shiga ya yi sallama. Ba wanda ya musa, tunda ba wanda ya san al'adarmu.

Liam yana kwance, ya rame ƙwarai, robar iska a hanci, amma idon nan tar. Na rusuna na gaishe shi, na ce ni ɗan hayar ƙanensa ne. Na ce Shamus yana waje, ya yi tafiyar mil ɗari huɗu da wani abu don ya ce shi ne bai kyauta ba, nauyin baki ne kawai ke damunsa. Tsohon ya lumshe ido ya ce, "Shigo da shi."

Baba Shamus ya shigo ya tsaya a ƙarshen gado. Suka dubi juna. Ni da Isufu muka jingina da bango. A lissafin Kawu Sale, a nan ne ɗaya zai fara hawaye, ɗayan ya ce a bar maganar. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne mutanen nan ba sa barin magana. Aka yi minti uku kowa yana jira da fuskar mai shirin yin afuwa.

Liam ne ya gaji. "Ina jinka."

"Ni nake jinka."

"An ce ka zo ka amsa laifinka."

"Ni aka ce mini kana kiran sunana kana nadama."

"Nadamar me?"

Suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Na nemi Isufu, na ga ya duƙufa yana karanta takardar da ke manne a ƙofa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Liam ya ce, "Wannan ɗan hayar naka maƙaryaci ne."

Baba Shamus ya ce, "Tantiri."

Nora ta ce wannan ne abu na farko da suka yarda da shi tare tun kafin a haife ta.

Baba Shamus ya ja kujera ya zauna, wai don ya ji daɗin bayyana wa wansa girman ƙaryar. Daga nan suka shiga maganar da suka ajiye tun suna samari. Liam ya ce da ba a karɓi yarjejeniyar ba da Ingilishi sun dawo da sojoji sun ƙone komai. Shamus ya ce an sayar da gunduma shida da rijiyar ubansu. Liam ya ce an yi musu alkawarin gyara layin. Shamus ya ce yana nan yana jiran gyaran. Liam ya ce, to da ku kuka ci, me za ku yi da mutanen arewar da ba sa son ku? Shamus ya ce wannan tambayar ya riga ya sha ta a Richmond. Suka yi awa ɗaya da kwata a haka. Tsakiyar gardamar Liam ya sarƙe da tari, Shamus ya tallafo kansa ya ba shi ruwa, ya goge masa baki, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi nas ta ce lokaci ya yi. Baba Shamus ya miƙe yana juya hula. Ba wanda ya ba wani haƙuri, kuma na ga za a rabu a haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ga na kawo tsoho wannan nisa don ya ƙara faɗa kawai.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Mutanen nan suna da wata al'ada in za a yi tafiya." Ya yi wa wansa bayaninta daidai, har da cewa ba a tantance mai gaskiya. Ya ƙara da cewa shi bai ga hankali a ciki ba.

Liam ya ce, "Wa ke fara nema?"

Na ce matafiyi.

Shamus ya ce, "Ni ne mai komawa Greensboro."

Liam ya ce, "Tawa tafiyar ta fi nisa." Ya dube ni. "Yaya ake cewa?"

Na ce ana cewa ka yafe mini abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ya maimaita wa ƙanensa, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi.

Baba Shamus ya juyo gare ni. "Har da yarjejeniyar a ciki?"

Isufu ya riga ni. Ya ce, "Baba, a wannan iyakar ba a kwance kaya."

Tsohon ya dawo bakin gado ya kama hannun wansa. Ya ce ya yafe. Sannan shi ma ya nema, muryarsa ƙasa ƙasa. Liam ya ce, "Na yafe. Amma mu ne da gaskiya." Shamus ya ce, "Ba ku ba ne." Nas ta kore mu.

Alhamis: komawa gida

Mun kwana a masaukin jiya, muka kamo hanya ƙarfe shida na safe. Har Richmond Baba Shamus bai yi mini magana ba. Da muka zo daidai gidan abincin nan ya ce kada in tsaya, akwai rumfar waya a wurin.

Ƙarfe biyar saura minti goma na yamma muka iso High Point Road. Maimuna ta fito ta yi mana sannu da zuwa, ta ƙi kallon kujerar baya. Da Hausa ta ce Nora ta bugo da hantsi, Liam ya cika bayan fitowar rana. Na juya zan fara da cewa jikin ya ɗan tsananta, yadda muke yi a gida kafin a faɗi mutuwa. Baba Shamus ya ɗaga hannu.

"Kada ka yi mini irin ta Richmond. Faɗa mini yadda take."

Na faɗa masa yadda take. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ya kama hanya ke nan." Ya shafa kwat ɗinsa ya ce gara da bai kai ta wanki ba.

Ƙarfe biyar da kwata na kashe mota a ƙofar gidanmu a Glenwood, mun yi mil ɗari takwas da tamanin zuwa da dawowa. Na gode wa Allah da ya kai mu a kan lokaci ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Isufu da ya yi rabin tuƙin, da Maimuna da guzurinta, da Kawu Sale, wanda hanyarsa ba ta yi aiki yadda ya koyar ba amma ta kai mu ƙofar ɗakin.

Na ɗauko jakar Baba Shamus na bi shi zuwa baranda. Ya sa makulli a ƙofa, bai murɗa ba.

"Wannan yafiyar taku," in ji shi, "in mutum ya riga ya furta, yana iya janyewa daga baya?"

Na ce a'a, ta zauna ke nan.

Ya ce, "Madalla. Don na san halina."